Rigar kariya kaɗai ba za ta isa ba

Wani labari ya ce raba wa masu shiga kwale-kwale rigunan kariya zai rage mutuwa a ruwa, ni dai ban gamsu ba. A Zariya nake, amma fataucin busasshen kifi kan kai ni Yawuri. Na ga mutanen tsibiran Kainji suna danƙare kwale-kwale da buhuna, babura da mata masu goyo har ruwa na lasar bakinsa, don in wannan ya tashi babu wani sai gobe. Mai naƙuda fa, ta jira gobe? Malam, in ka ce lodin nan ganganci ne, rashin zaɓi ne wallahi, ka tuna haɗarin jirgin ruwa na Warra, jihar Kebbi, a 2021, gomman rayuka a jirgi guda. Me ya hana a sa jirgi mai ƙarfi mai lokacin tashi, safe da yamma?