Cire tamostat ba shi ne maganin zafin inji ba

Abin nan yana damuna wallahi, mota ta fara zafi a kai ta gareji, magana ta farko sai a ce a cire tamostat, wato 'yar ƙofar ruwan da ke tsakanin inji da lagireto, a yar. Hujjar makanikai wai don ƙasashen sanyi aka yi shi, mu kuwa nan rana ta ishe mu. Kuma na fahimce su, don in ya lalace ya maƙale a rufe ruwa ba ya zuwa lagireto, inji ya tafasa, ana cire shi sai a ga zafin ya sauka.

To amma wannan lalatacce ne, sabo ya kamata a sa. Tamostat ƙofa ce kawai, tana rufe lokacin da inji yake da sanyi don ya yi saurin ɗumama, in ruwan ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 sai ta buɗe da kanta, kuma a wannan zafin aka ƙera inji ya yi aiki, ko a Jamus yake ko a Sakkwato. In babu ita inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara mai tana zaton yanzu aka tayar, ga shan mai ga inji yana cinyewa a hankali.

Misali ka tashi daga Kano da asuba lokacin hunturu, har ka kai Zariya allurar zafi tana kwance a ƙasa, kai kana murna alhali mai kake ƙonawa a banza. In kuma fanka ce ta mutu ko lagireto ya toshe, ranar da ka shiga cunkoso zafin nan zai dawo.