Jikan Sarkawa a shagon sandar fatsa

Ni mutumin Yawuri ne, kuma a gidanmu kifi ba baƙo ba ne. Kakana na wajen uwa da su ya rayu a bakin Neja, kawuna kuma har gobe da taru da mamari yake riƙe da gidansa. Ni dai boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, iyakar sanina da kifi shi ne in zare ƙaya in kai loma. Amma wannan maganar cikin gida ce, ba ta shafi Turawan wurin aikinmu a Harrisburg ta jihar Pennsylvania a Amurka ba.

Wata rana muna cin abincin rana, wani Bature abokin aikina ya miƙo mini wayarsa yana ta washe baki. Hotonsa ne tsaye cikin ruwa, riƙe da wani kifi da suke kira bas, wanda in an soya shi ba zai kai wa yara biyu ba. Na tambaye shi ko wannan ne koton da zai sa wa ƙugiya. Ya ce a'a, wannan shi ne kamun, kuma babba ne. Ya ƙara da cewa bas mafi girma da ya shiga kundin tarihin masu fatsa bai wuce kilo 10 da 'yan kai ba, wani mutum ya kama shi a jihar Jojiya a 1932, kuma sai a 2009 aka samu wanda ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa na Japan. Nan fa na gyara zama. Na ba shi labarin Argungu, yadda tun 1934 ake bikin kamun kifi, dubban mutane su afka kogin Matan Fada da gora da homa, su fito da giwan ruwa mai kilo sama da 70. Duk gaskiya na faɗa. Abin da kawai ban ambata ba shi ne a talabijin na gani.

Mutumin ya dube ni da girmamawa. Ya ce lallai ranar Asabar sai na bi shi kogin Susquehanna ya ƙaru da ni. Sai dai irin fatsar da yake yi ba ta tana ba ce, ta ƙudan ƙarya ce, saboda haka in je in sayi sandata. Na ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da yammacin Alhamis na shiga shagon. Sanduna ne jere tun daga bakin ƙofa har ƙurya, sirara, masu sheƙi, kowacce da 'yar takardar kuɗi tana reto. Wani dattijo mai farin gemu ya taso, muka gaisa, na ce sandar kama bas nake so. Ya ce lamba nawa? Na ce lambobin daga nawa zuwa nawa suke? Ya ce daga 1 har sama da 12. Na ce to, miƙo 12.

Dattijon ya cire tabarau ya goge. Ya ce da lamba 12 ake kama manyan kifayen teku a gaɓar Florida, waɗanda suka fi mutum tsawo. Na ce ai shi ya sa. Ya ce in ba shi minti biyar. Minti biyar ɗin nan sai da ta cinye mini la'asar, amma na ƙaru, kuma tunda na biya kuɗin karatun da tsada bari in raba muku kyauta.

A fatsar da muka sani, nauyi yana can ƙarshe: dalma da koto su ne ke jan zare idan ka wurga. A wannan kuwa koton gashin tsuntsu ne da gashin dabba aka ɗaure a jikin ƙugiya, ba shi da nauyin da zai kai kansa ko'ina. Saboda haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita kake wurgawa, ƙudan ya bi ta a baya. Lambar da ke jikin sanda ba girman kifi take nufi ba, ba kuma girman mai sandar ba, kamar yadda dattijon ya jaddada yana kallona. Nauyin ƙafa 30 na farkon igiyar ake aunawa, sai a ƙera sandar da za ta iya ɗaukar wannan nauyi. Igiya mai lamba 8, alal misali, wannan yanki nata bai cika giram 14 ba. Masu kama kifin ruwan sanyi na duwatsu lamba 4 ko 5 suke riƙewa, don ƙudajensu ƙanana ne. Shi kuwa bas mahaɗami ne, sai an jefa masa abu mai jiki: kwaɗon ƙarya na gashin barewa, ko wani ɗan toto mai kwarmin baki da ke yin ɓul-ɓul a saman ruwa. Irin waɗannan suna tare iska, sai igiya mai ɗan nauyi. Don haka masu bas tsakanin 6 da 8 suke yawo. Bas ɗin kogi mai ƙaramin baki, 6 ko 7 ta ishe shi. Na tafki mai babban baki, wanda ke laɓewa cikin ciyayi sai an fizgo shi da ƙarfi, shi ake yi wa 8.

Ya ce tunda kogi za ni, in ɗauki 6. Na ce albarka. Na sauko 10. Ya ce 7. Tunda a ƙasar nan ba a ciniki a kan kuɗi, ai dole mutum ya rage zafi a wani wurin. Muka yi ta ja har muka tsaya a 8, na ce na sallama, shi kuma ya ɗaga kai sama ya yi wata 'yar addu'a irin tasu.

Ban gama murnar nasara ba sai ya ce saura taurin sanda. Akwai mai tauri wadda bakinta kawai ke lanƙwasa, akwai mai lanƙwasa har tsakiya, akwai mai laushi har kusa da mariƙi. Ya ce ɗan koyo ta tsakiyar ta fi masa, don hannunsa zai riƙa jin lokacin da igiya ta miƙe a baya. Kalmar ɗan koyo ce ta ɓata maganar. Na ɗauki mai taurin. Tsawonta ƙafa 9, gaɓa huɗu ake harhaɗawa, ga ta shafal kamar babu komai a hannu. Akwai ta dala 1,000 a wurin, na wuce ta ban ko yi mata sallama ba, na tsaya a layin 'yan dala 200 da ɗoriya.

Ashe sandar ita ce mai sauƙin. Sai abin naɗe igiya. Sai igiyar kanta, wadda kuɗinta ya sa na sake tambaya ko da kifi a jiki ake sayar da ita. Sai wani zaren da ake fara naɗawa a ƙarƙashinta, sai wani siriri mai kama da ruwa da ake ƙullawa a bakinta. Sai ƙudaje, ciki har da wani mai idanun dalma da ake kira Clouser, wanda Bob Clouser ya ƙirƙiro a 1987 saboda bas ɗin wannan kogi na Susquehanna. Sai wandon roba mai zuwa har ƙirji. Sai lasisi, domin a jihar nan duk wanda ya kai shekara 16 ba ya jefa ƙugiya a ruwa sai da takardar hukuma. Na tuna kawuna, wanda takardarsa ita ce gaisuwa ga Sarkin Ruwa.

Uwargida ta tare ni a ƙofa, ta dubi kayan, ta dubi rasit. Ta daɗe tana motsa baki, na san lissafi take bugawa. Ta ce, "Malam, kuɗin nan fa katan nawa ne na karfasa a shagon 'yan Afirka?" Na ce mata wannan jari ne, daga ranar Asabar an daina sayen kifi a gidan nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na fita bayan gida gwaji, na ɗaura ɗan zaren ulu a maimakon ƙugiya kamar yadda dattijon ya ce. Ka'idar a baki ba wuya: ka ɗaga sanda baya ka tsaya cak, ka jira igiya ta miƙe, sannan ka turo gaba ka tsaya. Jiran nan shi ne duk sana'ar, kuma shi ne abin da sanda mai tauri ba ta gaya wa mutum. Ni dai ina kaiwa ina kawowa, igiya tana ƙara fyau, fyau. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, shanun wa ka samu kiwo?" Kyanwar maƙwabciyarmu ta fito ta yi ta bin ulun, har ta cafke. Ita ce kamuna na farko, kuma ta yi faɗa sosai. Tsohuwar mai kyanwar ta fito ta tsaya a bakin shinge ba ta ce komai ba, wanda a wurin Bature faɗa ne mai tsanani.

Asabar da asuba muka isa. Susquehanna kogi ne mai faɗin gaske amma ba zurfi a wurare da yawa, duk duwatsu ne masu santsi a ƙasa. Na shiga cikin wandon robana, da hulata zanna a ka, don a san daga inda mutum ya fito. A bayan mota na bar kula cike da ƙanƙara. A gida kuma an riga an jajjaga attaruhu da albasa, an fito da babban kasko.

Abokina ya karɓi ƙudana ya matse ɗan haƙorin ƙugiyar da filaya. Na ce don me, ai kifin zai zame. Ya ce ba don kifin ya yi ba.

Shi ya fara. Igiyarsa ta tashi ta kwanta a iska, ta sauka a hankali can bayan wani dutse. Ya juyo ya ce bismillah, a nuna masa yadda ake yi a Argungu. Na ɗaura Clouser mai idanun dalma. Iska kuma ta taso daga damana, daidai hannun da nake wurgi da shi, abin da daga baya aka ce mini shi ne mafi muni. Na kai baya, na kawo gaba da ƙarfin jikan Sarkawa. Wani abu ya ce ƙwal a ƙeyata, na ga taurari da hantsi. Kafin in gama salati sai na hango hulata ta tashi sama ta faɗa ruwa, maƙale da ƙugiya. A nan ne lamba 8 ta nuna amfaninta, domin zanna idan ta sha ruwa nauyi gare ta, kuma ruwa na janta. Da na bi shawarar dattijon na ɗauki 6, Allah kaɗai ya san inda hular nan take yanzu. Na janyo ta tsaf na matse na mayar. Abokina ya juya baya, kafaɗunsa suna ta rawa, wai tari ne ya sarƙe shi.

Wajen azahar kafaɗata ta riga ta mutu. Gajiya ta sa na daina dukan iska, igiya ta samu sararin miƙewa don kanta, ƙudan ya faɗa inda ya kamata. Na ja sau ɗaya, na ja sau biyu, sai na ji an fizge. Jama'a, a ba wa bas haƙƙinsa. Ɗan kifin nan ya yi tsalle sama ya girgiza kai, ya nutsa, ya sake fitowa, ya ja ni na taka dutse mai santsi na zauna daɓas, ruwa ya kwararo ta saman wandon roba har tafin ƙafa. Ban saki sanda ba. Na kawo shi hannu, ruwan tagulla, jajayen idanu, tsawonsa bai cika kamu ɗaya ba. Na ce alhamdulillahi, na nufi gaɓa wajen kula.

Abokina ya sha gabana. Ya ce in ɗaga shi a yi hoto. Aka yi. Sai ya ce to, a mayar da shi.

Na ce a mayar da shi ina? Ya ce ruwa. A wannan yanki na kogin doka ta ce bas kamawa ake yi a saki nan take, don ƙananansu sun taɓa yin ƙaranci. Na ce to lasisin da na saya na mene ne? Ya ce na kamawa ne. Na ce na ci fa? Ya ce babu. Ya nuna mini yadda zan riƙe shi cikin ruwa ya huta, har sai ya motsa da kansa. Wato ban da sakin, har da jinya. Kifin ya kaɗa wutsiya ya watsa mini ruwa a fuska ya tafi.

A hanyar komawa na tsaya shagon 'yan Afirka na sayi karfasa huɗu na zuba a kula. Uwargida ta buɗe, ta ɗaga ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi a bakin tebur ya ce ƙwas. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Kogin naku har daskarar da su yake yi, ya cire musu hanji?"

Da dare na tura wa kawuna hoton ta WhatsApp. Bai yi minti goma ba ya kira. Ya ce, "Kai ɗan nan, ina kifin?" Na ce na sake shi, Kawu, haka dokarsu take. Ya yi shiru. Ya ce nawa na sayi sandar? Na faɗa masa, na rage rabi. Ya sake yin shiru, na ji yana kiran matansa su zo su ji. Da ya dawo kan layi sai ya ce in ba shi uwargida. Na miƙa mata. Ina jin muryarsa daga inda nake, yana tambayarta tun yaushe abin ya fara, ina barci da dare kuwa, kuma akwai wanda za a ba wa saƙon rubutu ya kawo mini daga gida.