Koren ganye kaɗai ba zai canza abin da ake saye ba

Na ga yadda ake ta yaba wa wani kamfanin abincin gaggawa saboda ɗan koren ganyen da ya liƙa a gefen kaza da kifi a jerin abincinsa don nuna cewa illarsu ga muhalli kaɗan ce, kuma abin ya ɓata mini rai matuƙa. An bar burgar naman sa, wadda ita ce tushen maganar baki ɗaya, ba a sa mata ko ɗigo ba, sannan aka fito ana cewa an cika alkawarin kula da muhalli. Wannan rabin gaskiya ce, kuma wanda ya tsara ta ya san abin da yake yi, domin ya zaɓi alamar da ba za ta taɓa cinikinsa ba.

An riga an gwada wannan abu. A watan Disamba na 2022 mujallar JAMA Network Open ta buga binciken da Julia Wolfson ta jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta, inda aka nuna wa manya sama da 5,000 a Amurka jerin abincin gaggawa aka ce kowa ya zaɓi abu ɗaya. Wasu sun ga koriyar alama a kan kaza da kifi da abincin da babu nama, wasu sun ga jar alama a kan naman sa tana cewa illarsa ga yanayi babba ce, wasu kuma ba su ga komai game da muhalli ba. Idan aka kwatanta da wannan rukuni na ƙarshe, jar alama ta ƙara yawan masu barin naman sa da kusan kashi 23 cikin ɗari, koriyar kuwa da kusan kashi 10 kawai. Gargaɗi ya ninka yabo fiye da sau biyu, amma yabon aka ɗauko mana.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa tsayawa a layin irin waɗannan wurare. Mai saye yana da yunwa, akwai mutane a bayansa, mai karɓar kuɗi ya zuba masa ido, kuma idonsa na kan hoton burgar da ya shigo dominta. Ganyen da aka liƙa can gefe a kan abin da bai yi niyyar ci ba, da wuya ma ya lura da shi. Bayani yana amfani ne idan ya tarar da mutum a daidai inda yatsansa zai nuna, wato a kan burgar kanta. Idan babu komai a wurin, abin da allon ya gaya masa shi ne babu matsala.

Matsala kuwa akwai ta. Shanu suna fitar da iskar metan ta hanyar gyatsa yayin da suke tuƙa, ga filin kiwo da na noman abincinsu da ake sare daji dominsa. Babban nazarin da Poore da Nemecek suka buga a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa kilo ɗaya na naman shanun da ake kiwo don yanka yana haifar da iskar ɗumama duniya kusan ninki goma na abin da kilon kaza ke haifarwa. Bambanci irin wannan bai cancanci a yi shiru a kansa ba, musamman a wuraren da ke sayar da miliyoyin burga a kullum.

Masu cewa jar alama tsoratarwa ce ko tauye 'yancin mai saye, ban ga abin tsayawa a maganarsu ba. Babu wanda aka hana saye, ba a ƙara kuɗi ba, ba a cire komai daga jerin ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Haka kuma masu cewa binciken a intanet aka yi, ba a gaban kanta ba: hakan gaskiya ne, amma alamomin biyu duk a yanayi ɗaya aka gwada su, kuma jar ce ta yi gaba. Masu cewa abin ba zai yiwu a kasuwanci ba kuwa, su dubi kamfanin Max na ƙasar Suwidin, wanda tun 2008 yake rubuta adadin gurɓatacciyar iskar da abincinsa ke haifarwa a jerinsa, har da na naman sa, kuma har yau yana sayar da burga.

Ban yi tsammanin yawancin kamfanoni za su sa wa abin da ya fi kawo musu riba jar alama da kansu ba. Ko adadin kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, sai da doka ta tilasta wa manyan gidajen abinci masu rassa 20 ko fiye a Amurka kafin ya bayyana a allunansu baki ɗaya a 2018. Alamar muhalli ma haka take buƙata: ma'auni ɗaya, a kan kowane abinci, wanda ba mai sayarwa ne zai zaɓi inda zai liƙa shi ba.

Akwai kuma wani abu a binciken da ya fi damuna a matsayina na mai kula da abin da yara ke ci. Waɗanda suka zaɓi abinci mai koriyar alama sun fi ɗaukar cewa abin da suka zaɓa yana da amfani ga lafiyar jiki, alhali alamar ba ta ce komai game da lafiya ba. Soyayyiyar kaza mai maiƙo da gishiri tana nan yadda take ko an sa mata ganye ko ba a sa ba, kuma uwar da ta saya wa ɗanta ita tare da babban kofin lemo mai sukari za ta iya fita tana ganin ta yi masa zaɓi nagari.