Ƴar'uwarmu ta yi magana a kan anime, mu saurare ta kafin mu jefa mata sitika

Ƴan'uwana masu kallon anime, wato fina-finan zane na Japan, a Yamai, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, yau zan fitar da ita.

Mu mutane ne masu son gardama. A fada, daga shayin farko har na uku, muna iya raba dare a kan jaruman anime: ko Sangoku zai kayar da Saitama, ko tsakanin Itachi da Madara wa ya fi basira. Murya ta tashi, wani ya rantse, wani ya ciro waya ya nemo babin da zai kafa hujja da shi, gari ya waye kowa ya gaida kowa. Ban taɓa jin an kori mutum daga fada don ya ce Luffy bai kai Naruto ba. To don me wannan haƙurin yake ƙarewa da zarar wata ta rubuto a gurup ɗin WhatsApp cewa yadda ake zana mata a One Piece yana damunta? Nan take sitika ta fara zuba. Wannan ya ce "an fara", wancan ya ce "feminis ta iso", wani ya ce in ba ta so ta koma kallon fim ɗin Indiya. Kafin a jima an bar abin da ta faɗa an koma kanta: shekarunta, hotonta, ko tana da miji. Kwana biyu sai ka ga lambarta ta fita ba sallama, kuma babu mai tambaya.

Alhali abin da ta faɗa ba ƙarya ba ne. Yawancin abin da muka tashi da shi, Dragon Ball da One Piece da Naruto, duk daga mujalla guda suka fito, Shonen Jump, wadda aka fara bugawa a Japan a 1968 domin yara maza da samari. Masu buga ta sun san wa suke sayar wa, kuma hakan ya bar tabo a jikin labaran. Akira Toriyama ya fara Dragon Ball a 1984. Ku tuna tsohon nan Tortue Géniale, malamin Sangoku, da irin abin da yake yi wa Bulma tun tana ƴar shekara 16: leƙe, kai hannu, roƙon abin da bai kamata ba, kuma duk an shirya shi ne don mu yi dariya. Mun yi dariyar muna yara. A One Piece, Nami ce take riƙe da taswira da hanyar jirgi, ba don ita ba da tuni teku ta cinye su. Robin ce kaɗai a cikinsu mai iya karanta tsohon rubutun da sirrin labarin ya rataya a kansa. Amma dubi yadda ƙugunsu yake ƙara tsukewa, tufafinsu suna ƙara raguwa yayin da labarin yake tsawo. Mai ido ya gani. Kuma ina tambaya tsakani da Allah, wa a cikinmu bai taɓa kifa waya da sauri ba don Inna ta shigo ɗaki daidai an kawo irin wannan wurin? Duk wanda ya taɓa kifa wayar nan ya riga ya yarda da rabin maganar ƴar'uwarmu. Ita dai ta furta ne, shi ya yi shiru.

Batun Sakura ta labarin Naruto ya fi yi mini ciwo. "Sakura ba ta da amfani" ya zama kamar gaisuwa a tsakaninmu. Yarinyar da ta cire wa Kankuro dafin da ya gagari likitocin garinsu, ta haɗa kai da tsohuwa Chiyo suka ga bayan Sasori, ta riƙe zuciyar Naruto da hannunta tana matsawa don kada ya mutu a fagen yaƙi. Idan akwai laifi, na marubucin Naruto ne, Masashi Kishimoto, da ya yi shekara 15 yana rubutu, daga 1999 zuwa 2014, ya tara wa samari biyu, Naruto da Sasuke, gado da baiwa da tarihi, ita kuwa ya bar ta tana kuka a kan wanda ya nemi kashe ta. Wannan abin tattaunawa ne mai daɗi, a yi ta yi har asuba. Amma ba nan muke tsayawa ba. Sai ka ji an ƙara da "ai mata ke nan, sai kuka da son wanda ba ya son su". Daga nan magana ta bar zane ta sauka a kan mutum mai rai, wadda take cikin gurup tana karantawa.

Sai kuma jarrabawa. Namiji ya shigo ya ce yana son Naruto, a ce masa barka da zuwa. Mace ta faɗi haka, sai a ce ta lissafo Hokage bakwai, wato shugabannin garin su Naruto, a jere, ta faɗi sunan takobin Zoro na One Piece, don a tabbatar ba saurayi ta biyo ba. Masu wannan jarrabawar su ne kuma suke ɗora Fullmetal Alchemist a sahun farko, ba tare da sun kula cewa mace ce ta rubuta ta zana shi ba, Hiromu Arakawa, ƴar makiyaya masu shanun madara a Hokkaido. A labarinta akwai makanikiya, akwai janar mace mai tsaron iyakar arewa, malamar da ta horar da jaruman biyu ma matar mahauci ce. Faɗan bai ragu ba, labarin bai yi sanyi ba. Rumiko Takahashi, mai Ranma da Inuyasha, ta karɓi babbar kyautar bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa a 2019. Gidan da muke tsare ƙofarsa muna hana mata shiga, da hannun mata aka gina shi.

Na san inda zafin kanmu ya samo asali, don ni ma na sha shi. An daɗe ana yi mana dariya: ƙato da gemu yana kallon zanen yara. Wasu sun ce ɓata lokaci ne, wasu sun ce ɓata tarbiyya. Ko a Faransa, inda yawancin fassarar da muke kallo take fitowa, an yi wannan yaƙin zamanin shirin Club Dorothée, har ƴar siyasa Ségolène Royal ta fitar da littafi a 1989 tana sukar zanen Japan da ake nuna wa yara. Saboda haka muka saba, duk wanda ya buɗe baki da suka sai mu ɗaga garkuwa. Amma wannan ƴar'uwar ba daga waje take jifa ba. Ta kalli babi ɗari-ɗari kamar yadda muka kalla, da forfen da ta saya da ɗan kuɗinta, bayan ta gama wanke-wanke da tuƙin tuwo. Dariyar da ake yi mana, ita ninki biyu take sha, don a gida ana ce mata budurwa kamarki. Kuma ku lura da wannan da kyau: mu muna da fada. Daga Boukoki har Harobanda, in an yi isha'i akwai benci da butar shayi suna jiran kowane saurayi. Ita ba ta da wannan. Gurup ɗin nan shi ne fadarta guda. In muka kore ta, ba ta da wata kusurwar da za ta koma ta yi hirar abin da take so.

Za a ce wasa ne. Mu ƴan Nijar ba za a koya mana wasa ba. Wasan da ke tsakanin Bafillace da Ba'are, ko Bagobiri da Bazabarme, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma kowa ya san ƙa'idarsa: ka jefa, a rama, ku duka ku yi dariya, kuma ba a kai shi inda zai zubar da mutunci. Mutum ashirin a kan yarinya guda, ita ba ta dariya, ba ta da bakin ramawa, wannan taron dangi ne.

Masu cewa maganar haƙƙin mata kayan Turawa ce aka shigo mana da ita, su tambayi iyayensu mata abin da ya faru a garin nan ran 13 ga Mayun 1991. Mata ne suka cika titi suka yi tattaki zuwa ofishin firaminista, don an kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa an kusa mantawa da su. Shi ya sa kowace shekara ake bikin ranar matan Nijar a wannan rana.

Ba ina cewa duk abin da mace ta faɗa a kan anime daidai ne ba. Ana iya ce mata ban yarda ba. Su kansu matan ba bakinsu ɗaya ba: wata tana ganin Nami jaruma ce da ba a taɓa juya ta, wata tana ganin an mai da ita kayan talla. Kuma ƴan'uwa mata, ina roƙonku, wadda ta fara da "duk masu kallon wannan ƴan iska ne" ta rufe kunnen da take son ya ji ta. A soki zanen, a soki marubucin, a faɗi wurin da babin, a bar mai kallo da mutuncinsa. Haka mu ma. In kana ganin ta yi kuskure, kawo hujjarka kamar yadda kake kawowa in ana batun Vegeta na Dragon Ball. Kada ka bi ta ta bayan fage da saƙon "ina son mu saba", kada ka ɗauki hoton maganarta ka kai wani gurup a yi mata dariya. Wanda kuma kunya da addini suka sa irin waɗannan wuraren suke damunsa, ya faɗa a fili, ya daina barin ta ita kaɗai a tsakiyar fage. Sai dai kada maganinsa ya zama "mata su daina kallo", don ba ita ta zana ba.

Admin, nauyi mafi girma a wuyanku yake. Kuna cire mutum cikin minti guda in ya tona ƙarshen labarin da ba a kalla ba. Wanda ya zagi ƴar mutane ya fi cancantar wannan saurin. Ku duba lambobin da suka fita a watannin nan, ku kira su ku ji dalili. Gurup ɗin da admin ɗinsa duka maza ne ya ƙara mace ɗaya ko biyu, a ba su ikon goge saƙo da cire mutum kamar kowa.