Bakolori ta riga ta ba mu amsa

Tun da gwamnatin Trump ta rufe USAID, hukumar Amurka mai ba da agaji a ƙasashen waje, a 2025, tarukan ƙungiyoyi a otal-otal ɗin Sakkwato sun sauya waƙa. Waɗanda jiya suke kukan an yanke tallafi, yau su ne ke cewa zamanin agaji ya wuce, na zuba jari ya zo, mu share gida 'yan kasuwar waje su shigo. Wannan magana ta ishe ni. Kwarin Rima ya sha jin irinta, kuma kowace sai da ta bar mana tabo.

A shekarun 1970 masanan duniya sun yi imani cewa ci gaba kankare ne da ƙarfe: a gina babbar madatsa, a kawo injina, arziki zai gangaro wa talaka. Da wannan tunani aka gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, lokacin tana cikin tsohuwar jiharmu. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978. An karɓe gonakin gado, diyya ta yi ta jan ƙafa, ambaliyar da ke shayar da fadamun gangare duk damina ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Da manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu, aka yi asarar rayuka. Cikin masanan da suka zana aikin babu wanda ya rasa ko kunya ɗaya ta gona.

Ana cikin zuba kankaren ma tunani ya fara juyawa. Bankin Duniya ya ce ƙaramin manomi ne abin dubawa, aka buɗe shirin raya noma na Gusau a 1975, da taki da iri. Shekara goma sha ɗaya bayan nan aka ce gwamnati ce cutar, Babangida ya kawo SAP, shirin tsuke bakin aljihu don gyara tattalin arziki, a 1986, aka karya darajar naira, aka rusa hukumomin sayen amfanin gona. Sai muradun ci gaba guda takwas na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2000, sai goma sha bakwai a 2015. Bayan duk wannan kai-kawo, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a sahun gaba wajen talauci, da kashi 91 cikin ɗari. Wa aka tuhuma? Wa ya dawo ya ce wa mutanen Talata Mafara mun yi kuskure? Mai ra'ayi ya sake riga, manomi ya biya kuɗin ɗinki.

Za a ce ai an kawar da shan inna a 2020. Haka ne, da ƙafafun matan da suka bi gida-gida da bakin sarakunanmu, kuma wannan ba ya wanke sauran. Ba na murna da yanke tallafin, don yaron da tamowa ta kama shi ne ya fara ji a jikinsa. Abin da ke ƙona min rai shi ne abincin wannan yaro ya rataya a kan sa hannun wani mutum a Washinton, alhali jiha na da kasafin kuɗinta.

Abin da ya karɓu a ƙasar nan shi ne wanda ya tarar da manomi yana yi. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa. Da shirin Fadama na shekarun 1990 ya kawo ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa, ba a sha wahalar lallashin kowa ba, albasa da tafarnuwa da shinkafar rani suka bunƙasa daga Wurno zuwa Goronyo. Sai ga shi ranar 29 ga Mayun 2023 an cire tallafin fetur, Bankin Duniya ya yaba, injin ya koma ya fi ƙarfin mai shi. Maganin SAP ne aka sake ɗura mana da sabon suna, kuma masu wa'azin zuba jari ba su ce uffan ba.

Kafin a gayyato wani mai jari, gwamnatin jiha ta zauna da manoman fadama ta ji ta bakinsu. A ba su injin mai aiki da hasken rana, a gina musu rumbun da albasa ba za ta ruɓe ba, a kore 'yan bindiga daga Isa da Sabon Birni don mutane su koma gonakinsu kafin ranin bana ya wuce.