Kayan yaran da aka janye a ƙetare, wa zai janye su a Bauchi?

A watan Yunin 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 daga kasuwar Amurka, bayan wasunsu sun kife kan ƙananan yara sun yi ajalinsu. An janye a Kanada ma. A China kuwa, inda ake sayar da irin durowoyin, sai da hukuma da jama'a suka tayar da jijiyar wuya kafin kamfanin ya janye fiye da miliyan ɗaya da rabi a watan Yuli. Kamfani yakan janye kayansa ne a inda yake da mai riƙe masa wuya, kuma wannan shi ne abin da ke damuna game da mu.

Janye kaya yana aiki ne idan mai sayarwa ya san wanda ya saya: akwai rasit, akwai lambar waya, akwai shagon da za a mayar a karɓi kuɗi. Duk da haka ba ya kai wa kowa. Kamfanin Fisher-Price ya janye shimfiɗar jarirai mai suna Rock 'n Play guda miliyan 4.7 a Afrilun 2019. A Janairun 2023 sai da hukumar kula da lafiyar kayayyaki ta Amurka ta sake yin shela, domin rahotannin mutuwa sun kai kimanin 100, kuma aƙalla takwas bayan janyewar suka faru. Illar shimfiɗar ita ce tana da gangare: jariri yakan juya ya kife fuska, ko kansa ya langaɓe gaba numfashi ya toshe. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta haramta sayar da irinta baki ɗaya.

To, a dubi mai jego a Bauchi da aka kawo wa gadon jariri ko keken koyon tafiya ranar suna, daga wani shagon gwanjo a wajen Wunti ko Muda Lawal. Kwalin babu, takardar babu, lambar ma ta goge. A Amurka laifi ne a sayar da abin da aka janye ko da na hannu ne, amma da zarar kaya ya shiga kwantena ya haye teku, ba wanda ke bin sawunsa. Mu kuma muna ɗaukar kayan waje da daraja, har mu ce ya fi ƙarko. Sau da yawa gaskiya ne. Sai dai ƙarko daban, aminci daban. Gadon jariri mai gefen da ake zugewa ƙasa, wanda Amurka ta hana tun 2011 saboda yara na maƙalewa tsakanin gefen da katifa, yana iya shekara ashirin bai karye ba.

Nan ne nake ganin nauyi a kan hukumar SON, mai tantance ingancin kaya, da FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa don kare masu saye. Jerin kayan da aka janye a Amurka da Turai yana nan a intanet kyauta, har da hotuna. Me zai hana a zaɓo na yara, a mayar da su Hausa, a karanta a rediyon jiha, a kai wa shugabannin 'yan gwanjo? Ɗan kasuwa ba ya son a ce kayansa ne ya kashe ɗan wani. Yawancinsu ba su sani ba ne.

Wani zai ce ai mafi yawan gidajenmu kafinta ne ke yi musu kayan ɗaki, ina ruwanmu da IKEA. Nan ma fa abin ya fi shafarmu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya kayar da durowar can shi ne zai kayar da ta nan: tsawo da yawa, gindi siriri, baya falle ɗaya na filawud, nauyin duk yana gaba. Yaro ɗan shekara biyu ya jawo aljihun ƙasa ya taka, ya jawo na sama ya rataya yana neman rimot ko alawar da aka ɓoye masa, sai ta taho kansa, da talabijin ɗin da ke bisa. Ku tuna yadda ake jeren amarya a garin nan. Sif har kusa da silin, shogilas cike da kwanuka da tangaran, daɓen bai daidaita ba sai a naɗe kwali a cusa ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Ranar ba mai tunanin yaro, alhali bayan shekara biyu ko uku shi ne zai fi kowa zama a ɗakin.

Maganin da kamfanin ya raba wa waɗanda suka riƙe durowoyinsu ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗan ƙarfe da sukurori da ake ɗaure bayan durowa da bango. Amurka ma ba ta tsaya nan ba, tun Satumban 2023 dole durowa ta ci gwajin tsayuwa kafin a sayar. Kafintocinmu za su iya fara ɗaure durowa da bango tun gobe. Idan an zo haɗa kaya, a ce, "Hajiya, bari in ɗaure miki sif ɗin nan da bango," a sa shi cikin kuɗin aiki yadda ake sa hannun ƙofa. Gadon jariri kuma kada tazarar sandunansa ta wuce santimita shida, don kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale, katifar ta cika gadon ba rami a gefe.

Akwai matsala ɗaya ta gaske: masu gidajen haya da ke hana huda bango. Ina roƙonsu su sassauta. Ramin sukuru biyu ana toshe shi da siminti cikin cokali ranar tashi, kuma ƙungiyar kafintoci a jiha za ta iya ɗaukar wannan toshewar a matsayin wani ɓangare na aikinta.