Ba kowane maƙoƙo gishiri ke magancewa ba

Wani labari da na karanta ya ce cutar Graves, wadda ke iya kawo maƙoƙo, ba ta cika kama yara ba. Gaskiya ne, amma a nan Zamfara yara nawa ake ma gwajin jinin tairod (ƙwayar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ne maƙoƙo) ballantana a ƙirga su? Kai kuma ɗan'uwa da ka yi sharhi kan labarin cewa a ba su gishiri mai aidin kawai, ka haɗa cuta biyu. Maƙoƙon ƙarancin aidin daban yake. Cutar Graves kuwa garkuwar jikin yaron ce ke zuga tairod ta yi aiki fiye da kima, ƙarin aidin ba ya warkar da ita. Ta fi kama 'yan mata lokacin balaga. Yarinya tana ci kamar gara amma tana ramewa, zufa ko da sanyin hunturu, hannu na rawa, zuciya na bugawa da sauri, ido ya firfito, karatu ya lalace don ta kasa natsuwa. A gidajenmu sai a ce iska ce, a yi ta hayaƙi da rubutu, ko malamin makaranta ya ce rashin ji ne. Alhali gwajin jini na aikin tairod (TSH da T4) ke nuna ta, kuma ana shan maganin carbimazole, sau da yawa shekara biyu ko fiye, tana iya dawowa in an daina. Abin da labarin ya tsallake: mai shan maganin nan in zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka taso, a dakatar a garzaya asibiti a duba jini. Mutumin Anka ko Shinkafi, har Gusau zai riƙa zuwa kowane gwaji, da wannan hanyar tamu?